SUNA LINZAMI NE: KALMOMIN LIKITANCI GAME DA RIKICEWAR HOMON, RASHIN HAIHUWA DA CIWON SUKARI A JIKIN MATA

Gabatarwa

 

Hausawa na cewa suna linzami ne. Galibi akan kawo wannan karin magana a kan sunan mutum, amma da wuya a sami inda ta fi tabbata kamar a sunan cuta. Sunan da aka laƙaba wa ciwo shi ke jan majinyaci, ya kai shi gidan wanzami, ko zauren malam, ko rumfar mai saiwa a kasuwa, ko kuwa asibiti. In sunan ya dace, an rage wa majinyaci rabin tafiya. In kuwa bai dace ba, sai a shekara ana neman magani a inda babu shi, dukiya tana ƙarewa, ciwo yana daɗa kama jiki.

Wannan lacca za ta duba kalmomin da ake kiran wasu larurori uku na mata da su, watau rikicewar homon, da ciwon sukari, da rashin haihuwa. Jama'a sun saba ɗaukar ukun nan kowanne da hanyarsa, alhali kuwa a jikin mata da yawa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Za a ɗauki misalai daga yankin Bagauda a kudancin Jihar Kano, watau ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin dalilai biyu. Na farko, yanki ne da rayuwa ta sake a cikinsa tun lokacin da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Bagauda, sa'an nan aka gama ta Tiga a shekarar 1974. Noman rani ya kafu, shinkafa ta yawaita har Tudun Wada ta yi suna wajen cinikinta, injin niƙa ya rage wa mata aikin turmi da dutse, babur kuma ya rage tafiyar ƙasa. Na biyu, a Bebeji akwai makarantar koyon aikin kiwon lafiya, inda ɗalibi ke karatu da Turanci, alhali kuwa ranar da ya kama aiki da Hausa za a kawo masa kuka, da Hausa kuma zai ba da amsa.

1. Homon, Jakadun Jiki

Kalmar homon ba ta daɗe a duniya ba. Wani masanin Ingila, Ernest Starling, shi ya fara amfani da ita a wata lacca da ya yi a Landan cikin 1905, ya ciro ta daga harshen Girka, daga wata kalma mai ma'anar zaburarwa ko tayarwa. Abin da ake nufi da ita shi ne wani sinadari ɗan kaɗan wanda wata gaɓa ke haɗawa ta zuba a cikin jini, jini ya kai shi ga wata gaɓa mai nisa, ya gaya mata abin da za ta yi.

Wanda ya san tsarin sarauta na ƙasar Kano ba zai sha wuyar gane wannan ba. A da can hakimi yakan zauna a birni, jakada ne ke kai saƙonsa ga dagatan ƙauyuka, ya kuma komo da bayani. To, homon jakadu ne, jini kuwa shi ne hanya. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar gaɓa wadda ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, likitoci suna kiranta fituwitari. Ita ke aika saƙo ga gaɓar tayirod da ke gaban wuya, da gidajen ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa, da kuma nono. Su ma waɗannan sukan aika nasu saƙonnin. Gidan ƙwai yana fitar da istirojin da furojestaron, waɗanda ke shirya mahaifa kowane wata, yana kuma fitar da ɗan kaɗan daga homon ɗin da ya fi yawa a jikin maza, watau testostaron. Jinin al'ada da ake gani shi ne ƙarshen wannan kai da kawo na jakadu. Saboda haka in al'ada ta rikice, tana yiwuwa mahaifar lafiya lau take, saƙo ne bai iso daidai ba.

A nan matsalar fassara ta farko take. Akan ji masu fassara suna kiran waɗannan gaɓoɓi kaluluwa, alhali kuwa kaluluwa a kunnen Bahaushe ita ce kumburin nan da ke fitowa a hammata ko matsematsi in an ji rauni. Matar da aka gaya wa kaluluwarta ce ta sami matsala, hammatarta za ta shafa. Akan kuma ji ana cewa ƙwayoyin halitta a madadin homon, ga shi kuwa an riga an ba wannan kalma aikin fassara wasu abubuwa dabam, har da ƙwayoyin gado. Kalma ɗaya ba ta iya ɗaukar kaya uku. Ya fi sauƙi a ari homon yadda aka ari allura da asibiti da likita, a bi ta da bayanin jakada sau ɗaya, daga nan ta zauna.

Misalai uku sun isa su nuna amfanin wannan. Hausa tana da kalma mai kyau, maƙoƙo, ga kumburin tayirod, kuma tun farkon shekarun 1990 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin ayodin a gishiri domin rage shi. Sai dai tayirod tana iya yin kasala ko ta yi aiki fiye da kima ba tare da wuya ya kumbura ba, kuma kowanne daga cikin biyun yana rikita al'ada, yana kawo ɓari. Wanda ya tsaya jiran ganin maƙoƙo zai makara. Misali na biyu shi ne furolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono. Shi ne ke sa al'ada ta jinkirta ga mai shayarwa, abin da kowace unguwarzoma ta sani. In ya yi yawa a jikin wadda ba ta goyo, sai al'ada ta ɗauke, ruwa ya riƙa tsatsowa daga nono, ciki kuma ya ƙi samuwa, ga shi kuwa ana magance yawancin irin wannan da ƙwayar magani. Na uku shi ne larurar da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937: mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, jini ya kasa isa ga fituwitari, gaɓar ta lalace. Alamar farko ita ce nono ya ƙi kawo ruwa, daga baya al'ada ba ta dawowa, jiki ya mutu. A ƙauyen da ke nesa da inda ake ƙarin jini, irin na cikin duwatsun Riruwai, wannan abin lura ne ƙwarai, kuma har yanzu ba shi da suna a bakin jama'a.

2. Ciwon Sukari da Zancen Zaƙi

Sunan da likitocin duniya ke kiran wannan ciwo ya fi sunan Hausa tsufa nesa ba kusa ba. Kashin farko, dayabitis, daga Girkanci yake, ma'anarsa abin da ruwa ke bi ya wuce, saboda yawan fitsarin mai ciwon. Kashi na biyu, melitus, daga Latin yake, ma'anarsa mai zuma, kuma ana danganta shi da likitan Ingila Thomas Willis na ƙarni na 17, wanda ya lura da zaƙin fitsarin masu ciwon. Likitocin Indiya sun riga shi lura da cewa tururuwa na taruwa a kan irin wannan fitsari, Ibn Sina ma ya siffanta ciwon a littafinsa Alƙanun. A 1776 Matthew Dobson ya ƙafar da fitsarin majinyaci, ya sami sukari a ƙasan kwano. Ke nan magabata alamar suka gani, suka raɗa wa ciwon suna da ita.

Hausa ta ce ciwon sukari, a bakin 'yan zamani kuma ciwon suga. Sunan ya karɓu, babu mai iya tumɓuke shi, amma yana da illa guda: yana sa a zaci sukarin shayi kaɗai ne abokin gaba. Sai a ga mace ta daina sa sukari a koko, amma ta cika kwano da tuwon shinkafa ko taliya, ta sha lemon kwalba, ko ta musanya sukari da zuma da mazarƙwaila tana ganin ta tsira. Gaskiyar al'amari ita ce, duk abinci mai sitaci, tun daga shinkafa da masara har gero da rogo, jiki yana narkar da shi ya koma wani sukari da ake kira gulukos, wanda shi ne makamashin jiki. Abin lura shi ne yawan abin da aka ci, da irin sarrafa shi da aka yi, da kuma iyawar jiki wajen shigar da gulukos inda ake bukatarsa.

Mai wannan aiki shi ne insulin, shi ma homon ne. Wata gaɓa ce mai suna fankiriyas, da ke kwance a bayan tumbi, take haɗa shi. Akan ji wasu suna fassara ta da saifa, wannan kuwa kuskure ne, domin saifa gaɓa ce dabam mai aiki dabam, kowane mahauci ya san ta. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a farkon 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa ya rayu. Ciwon iri biyu ne manya. A iri na 1 jiki ya daina haɗa insulin, dole sai da allura. A iri na 2, wanda shi ne na kusan mutum tara cikin goma na masu ciwon, insulin yana nan, amma jiki ba ya jin saƙonsa sosai. Jakada yana ta sallama a ƙofa, masu gida sun yi kunnen uwar shegu. Ana iya kiran wannan hali bijirewar jiki ga insulin, kuma lalle a riƙe kalmar, domin za a sake gamuwa da ita.

Wajibi ne ma'aikaci ya san alƙaluman awo. In aka auna jini da safe kafin a ci kome aka sami milimol 7.0 a lita ko fiye, kuma aka maimaita aka tabbatar, to, ciwon sukari ne. Amma wasu na'urori da miligiram suke ƙirga, a wurinsu 7.0 ɗin nan 126 ne, domin ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu. Majinyacin da aka ce masa yau sukarinsa 8 ne, gobe a wani wuri aka ce 144, zai zaci ciwo ya yi tsalle, alhali awo ɗaya ne. Faɗin lamba ba tare da faɗin ma'auni ba daidai yake da faɗin kuɗin hatsi ba a ce tiya ko buhu ba.

Sai kuma ciwon sukari na masu juna biyu, inda Hausa ke da wata tsohuwar kalma da ta cancanci a tsaya a kanta, watau zaƙi. Tun kafin zuwan asibiti tsofaffi suna hana mai ciki shan rake da zuma da yawa, suna cewa zaƙi zai taru mata ya tsananta naƙuda, har akan jiƙa mata maganin zaƙi in ciki ya tsufa. Likita Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi ya kuma wallafa littafi a kan magungunan Hausawa a 1988, ya rubuta wannan al'ada. Zaƙin tsofaffi da ciwon sukarin likitoci ba abu ɗaya ba ne, gama su tsofaffi wani ruwa ko majina suke nufi da ke fita gabanin haihuwa. Duk da haka akwai inda suka yi kusa. Mabiyiya tana fitar da homon da ke ƙara bijirewar jiki ga insulin. In fankiriyas ta kasa biyan bukata, sukari ya hau a jinin uwa, ya ƙetara ga ɗan tayi, ya yi ƙiba har ya wuce kilo 4. Irin wannan jariri kan maƙale a hanya, doguwar naƙuda kuwa ita ce babbar hanyar yoyon fitsari da mutuwar jarirai. Ana gano larurar tsakanin mako na 24 da na 28 na ciki, a ba mace giram 75 na gulukos ta sha, a auna jininta. Ma'aikaciyar da ta ce wa mai ciki, "Yaya, zo a auna zaƙin da ke cikin jininki," ta fi kusa da samun haɗin kai bisa ga wadda ta yi wa maganar tsofaffi dariya. Sharaɗi dai shi ne ta bayyana cewa jiƙo ba ya maye gurbin awo, kuma ko da sukarin ya sauka bayan haihuwa, wannan mace tana cikin waɗanda aka fi ji wa tsoron iri na 2 nan gaba, saboda haka ta riƙa awo a kai a kai.

3. Inda Igiyoyin Suka Haɗu

A ɗauki misalin wata mace, a ce daga wani ƙauye na ƙasar Kiru, shekara biyar da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata na ciki ba. Al'adarta sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba. Ta yi ƙiba, musamman a ciki, gashi ya fara tsiro mata a haɓa, ƙuraje sun ƙi barin fuskarta, bayan wuyanta kuma ya yi baƙi ya yi kauri, tana ta dirza da soso a kan zaton dauɗa ce. A gida kowace alama an ba ta nata suna da nata magani. Ɗaukewar al'ada an ce sanyi ne, rashin ciki an ce iska ce ko sammun kishiya, gashin haɓa an ce alamar arziki ce. A wurin likita kuwa duka alamun nan ciwo ɗaya suke nunawa.

A shekarar 1921, shekarar da aka tace insulin, likitoci biyu na Faransa, Achard da Thiers, suka ba da bayanin abin da suka kira ciwon sukarin mata masu gemu. A 1935 wasu biyu a Shikago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka kawo labarin mata bakwai masu ɗaukewar al'ada da kumburarrun gidajen ƙwai. Wannan ita ce larurar da aka sani da harufan PCOS. A wani taro da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan cikin 2003 aka amince cewa ana tabbatar da ita in an sami biyu daga abubuwa uku, bayan an kore sauran cututtuka masu kama da ita: rashin fitar ƙwai a kan kari, alamun yawan homon na maza, da ganin ƙananan ƙwayaye masu yawa a gidan ƙwai ta hoton ciki. Tana samun kamar mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano musu ba.

Yadda abin ke gudana shi ne, a jikin mafi yawansu akwai bijirewa ga insulin. Fankiriyas sai ta ƙara yawan insulin domin ta rinjayi bijirewar. Yawan insulin yana tunzura gidan ƙwai ya fitar da testostaron fiye da kima, wannan kuma yana hana ƙwai nuna ya fito. Ƙwan da bai fito ba, babu ciki, babu kuma al'ada a kan lokaci. Baƙin wuyan nan ma aikin yawan insulin ne. In shekaru suka tura, fankiriyas ta gaji, sai ciwon sukari ya bayyana. Ashe matar da ake zagayawa da ita neman haihuwa tana da shekara ashirin da biyar, ita ce za a kai asibiti da ciwon sukari tana da arba'in, ba tare da an taɓa gaya mata tushen abin ɗaya ne ba.

Sunan Turancin kansa yana da aibi, domin yana nuna kamar wasu ƙulle-ƙulle ne suka fito a gidan ƙwai, alhali ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya. Tun a 2012 wani kwamitin masana a Amurka ya ba da shawarar a sake sunan. To, in aka fassara shi kalma da kalma aka ce ƙarin gidan ƙwai, an kwaso aibin an ƙara masa wani, gama ƙari a kunnen Bahaushe abu ne da ake yankewa, wani ma zai zaci ciwon daji ne. Ya fi dacewa a ce larurar rashin nunar ƙwai mai tafiya da bijirewar insulin, ko a taƙaice rashin nunar ƙwai. Wannan suna yana nuna hanyar magani: rage ƙiba ko da kaɗan ne, motsa jiki, gyara abinci, maganin metfomin wanda asalinsa na ciwon sukari ne, da magungunan da ke sa ƙwai ya fito, irin su kulomifin da letirozol, a hannun likita.

4. Juya, Sanyi da Kwantaccen Ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu rashin haihuwa in ma'aurata sun yi wata 12 suna tare, ba su ɗauki matakin hana ciki ba, ciki kuma bai samu ba. A rahotonta na 2023 ta ce kamar mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan a rayuwarsa. A lura, ma'aurata aka ce. Amma kalmomin da aka fi ji a gari, juya da bakarariya, a kan mace suke sauka, kuma juya kalma ce da ake faɗa wa saniya. Binciken likitoci kuwa ya nuna cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Awon maniyyi ya fi yawancin awon mata sauƙi da araha, amma sau nawa ake farawa da shi? Kalmar juya tana yanke hukunci tun ba a yi bincike ba, ta jawo gori, da kishiya, da saki. Bai kamata a ji ta a bakin ma'aikacin lafiya ba. Jinkirin haihuwa ya fi ta gaskiya, domin da yawa daga cikin dalilan suna da magani.

Haka kuma kada a ɗora wa homon laifin kome. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985 ya nuna cewa a Afirka mafi yawan rashin haihuwar mata daga cututtukan da ƙwayoyin cuta ke kawowa yake, waɗanda ke toshe bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. A nan kalmar sanyi take shigowa. Sanyi a Hausa buhu ne da aka zuba kome a ciki: ciwon mara, da ƙaiƙayi, da fitar ruwa, da ciwon gaɓoɓi, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wasu daga ciki ba su da haɗari, wasu kuwa suna toshe bututu a ɓoye, kuma ba sa warkewa sai an yi wa miji da dukan matansa magani lokaci ɗaya. Wajibi ne ma'aikaci ya kwance bakin buhun nan, ya tambayi wane sanyi ake nufi.

Yankin Bagauda yana da nasa ƙarin dalili. Inda duk aka tare ruwa aka ja magudanai, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yakan samu wurin zama. Jama'a sun san tsargiya da fitsarin jini a wurin yara maza masu wanka a rafi. Abin da ba a cika sani ba shi ne, a jikin mace ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a bakin mahaifa da bututu, su kawo ciwon mara da zubar jini da jinkirin haihuwa. Matar da ke wanki a bakin ruwa ko aiki a gonar shinkafa, in ta kawo kukan sanyi, ya kamata a tuna da tsargiya, wadda ake kashe tsutsarta da maganin furazikwantel.

Saura kwantaccen ciki. Sananne ne a ƙasar Hausa a ce ciki ya kwanta, watau ya shiga amma ya daina girma, zai tashi bayan watanni ko shekaru. Malaman fiƙihu suna da maganganunsu a kan iyakar tsawon ciki dangane da nasaba da gado, wannan fagensu ne. A fagen likitanci ciki kamar mako 40 yake yi. Matar da al'adarta ta ɗauke shekara guda, jikinta ya yi nauyi, aka ce mata cikinta ne ya kwanta, tana yiwuwa rashin nunar ƙwai ne, ko yawan furolaktin, ko kasalar tayirod. Kalmar tana rufa mata asiri a gidan miji, shi ya sa take da farin jini, amma tana cinye mata shekarun da magani zai fi yi mata amfani. Awon fitsari da hoton ciki suna warware zancen a yini ɗaya.

5. Abin da Ya Kamata a Yi

Aikin daidaita kalmomi ba baƙo ba ne a Hausa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ƙamus na Bargery ya fito a 1934, an kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. An kuma ga darasi a zamanin nan: kalmar ƙanjamau ta siffanta ramar majinyaci ta jawo masa ƙyama, har aka koma ana cewa cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta bayyana aikin cutar ba tare da tozarta kowa ba.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Ta farko, inda Hausa ke da kalma mai ma'ana ɗaya tak, kamar maƙoƙo da tsargiya da ɓari da mabiyiya, a riƙe ta. Ta biyu, inda babu, a ari ta likitoci a rubuta ta da harufan Hausa, kamar homon da insulin, maimakon a tilasta wa saifa da kaluluwa aikin da ba nasu ba. Ta uku, inda kalmar gida ta yi faɗi, kamar sanyi da zaƙi, a yi amfani da ita wajen buɗe magana, sa'an nan a rarrabe. Ta huɗu, kalmar da ke tozarta majinyaci a bar ta a waje.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Masanin harshe bai san fankiriyas ba, likita kuma sau da yawa bai san abin da tsohuwa ke nufi da zaƙi ba. Sai an zaunar da malaman Hausa na jami'a, da likitocin mata na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, da malaman makarantun kiwon lafiya, da unguwarzoma na karkara, da ma'aikatan gidajen rediyo, a tsara ɗan littafi, a gwada kalmominsa a ɗakin awon ciki na Tudun Wada ko Doguwa kafin a buga. Kalmar da mace ta ji ta iya maimaita wa mijinta daidai in ta koma gida, ita ce ta ci jarrabawa. Ma'aikatan ma'aikatar lafiya da ta ilmi su ke da ikon shigar da irin wannan littafi cikin manhaja, ɗalibai kuwa su ke da ƙafar zagaya ƙauyuka su tattaro kalmomin tun masu su suna raye.

Kammalawa

An ga yadda homon ke kai saƙo, da yadda bijirewar jiki ga insulin ke haɗa rikicewar al'ada da jinkirin haihuwa da ciwon sukari a jikin mace ɗaya. An kuma ga cewa wasu kalmomin gida suna taimako, wasu suna ɓatar da hanya, wasu kuma suna ƙara wa majinyaciya ciwon rai a kan na jiki. Haihuwa kyauta ce ta Allah, Yana ba wanda Ya so, amma neman magani umarni ne, kuma ba a neman maganin ciwon da ba a san sunansa ba. Matar nan ta ƙasar Kiru tana da haƙƙin a gaya mata, cikin harshen da take mafarki da shi, abin da ke damunta da abin da za a iya yi a kai. Sauke wannan haƙƙi yana wuyan waɗanda al'umma ta kashe wa dukiya suka yi karatu.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya sa a yi aiki da abin da aka ji.